Rektifaya ta uku ta fara ƙauri a motata mai injin babur, ina zan duba?

Baban Hanif, Manchesta

Assalamu alaikum jama'a. Sai kun yi haƙuri da tsawon bayani, na gaji da sayen abu ɗaya a kai a kai.

Shekara biyu ke nan da na sayi wata 'yar mota a hannun wani dattijo Bature wanda ya haɗa ta da kansa a garejin gidansa. Irin wadda ake kira Locost ce, wato kwaikwayon Lotus Seven da Colin Chapman ya fito da ita a 1957: kujera biyu, ba rufi, ba ƙofa, nauyinta bai kai kilo 500 ba. A nan Ingila da yawa suna sa wa irin waɗannan motocin injin babban babur, tawa na Honda Fireblade ne mai cc 919, na 1998. Ko ribas ba ta da shi, in na shiga lungu sai na fito na tura. Maman Hanif tana kiranta akwatin gawa mai taya, ni kuwa ranar Asabar in rana ta fito ba abin da ya fi min ita.

Matsalar rektifaya ce, wannan ƙaramin ƙarfen mai haƙarƙari da ke karɓar wuta daga koyil, wato naɗin wayar janaretan injin, ya daidaita ta ya ba batir.

Ta farko, wadda na tarar a jikin motar, ta mutu bara da bazara. Ina gangarowa daga Snake Pass, wata hanyar kan tsaunuka kusa da mu, zan shiga garin Glossop sai na fara jin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na zaci gona ce aka zuba wa taki. Da na tsaya na buɗe but sai na ga batir ya kumbura kamar burodi, hannu ba ya iya taɓa shi. Washegari na ɗora mita, na ga bolt 17 da wani abu. Batir ya tafi, ƙwan fitila ɗaya ya tafi.

Ta biyu na saya a intanet fam 28. Ta yi kamar mil 600 ta daina caji gaba ɗaya, motar ta mutu min a danja, mutane na ta hon a bayana. Da na duba farin soket ɗin da wayoyi uku masu ruwan ɗorawa ke shiga, bakin ɗaya ya narke ya koma launin ƙasa. Na yanke wurin, na sa sababbin kawunan waya.

Ta uku fam 60 na ba da, kuma na kafa mitar bolt a dashbod don kar a sake yi min ba-zata. Ga abin da nake gani: da safe in na tayar, 13.9. Bayan tafiyar minti 20 sai ta sauko 13.2. In fankar lagireto ta tashi, 12.7. Jiya na tsaya na buɗe bonet, ƙaurin roba ya buge ni. Na ɗauko ma'aunin zafin goshi da muka saya lokacin korona, ya ƙi ba da lamba ma, don iyakarsa zafin jikin mutum. Maƙwabcina ya ara min na masu gyara, ya nuna digiri 104.

Dattijon ya ɗaure ta ne a jikin siririn falankin alminiyam da ya raba injin da wurin ƙafar fasinja. Bututun hayaƙi guda huɗu suna wucewa ta wannan gefen, tsakaninsu da ita bai fi ɗani ɗaya ba. Batir kuwa yana can baya, bayan kujeru. Kwanan baya kuma na canja duk fitilun zuwa LED, wani a wurin aiki ya ce wai shi ne ke kashe ta, don wutar da ta yi saura ba ta da inda za ta je.

To, koyil ɗin ne ke cinye su? Ko fanka kawai zan sa mata in huta? Ko LED ɗin zan cire?

Oga Rewaya, Kano

Wa alaikumus salam. Alhaji, ban taɓa ganin irin motarka ido da ido ba, amma injin da ke cikinta na sha buɗe 'yan uwansa, ana kawo mana manyan babura nan wajen Ƙofar Ruwa. Ruwa ba ya tsami banza. In abu ɗaya ya mutu sau uku a wuri ɗaya, ka daina zargin abin, ka zargi wurin.

Kafin ka sake kashe ko sisi, wanke koyil daga zargi tukuna. Aikin minti goma ne.

Cire soket ɗin wayoyi ukun nan masu ruwan ɗorawa, injin a kashe. Sa mitarka a om, mafi ƙanƙanta. Fara haɗa bakunan mitar biyu da juna ka ga nawa take nunawa, don ita kanta wayar mita tana da nata, sai ka riƙa cirewa. Auna ta ɗaya da ta biyu, ta biyu da ta uku, ta ɗaya da ta uku. Duka ukun su zo daidai da juna, kuma ƙasa da om 1. Sannan kowace waya ka auna ta da jikin injin. Nan kada mita ta motsa ko kaɗan. In ta motsa, fentin wayar koyil ya ƙone, tagulla na taɓa ƙarfe.

Daga nan juya mita zuwa AC, a 200. Soket na cire, ka tayar da injin, wani ya riƙe maka totur a zagaye 5,000 a minti. Auna bibbiyu kamar ɗazu. Za ka ga wajen bolt 50 zuwa 70, amma ba lambar ce ta fi damuna ba, daidaituwarsu ce. In biyu sun ba ka 60 ɗaya ta ba ka 35, an gama magana. Ka kiyaye yatsunka, wannan wutar tana ja. Kuma ka maimaita bayan injin ya yi zafi, akwai koyil ɗin da da sanyi lafiya lau yake, sai ya ji zafi yake nuna halinsa.

Sai soket. Wanda ya taɓa narkewa ba ya komawa daidai. Ka bi wayoyin ukun nan da hannu tun daga murfin injin har rektifaya, ka warware duk salatif ɗin da ka gani. Mutumin da ya haɗa mota a gida dole ya ƙara wa waya tsawo a wani wuri, kuma a nan ake ɓoye ɓarna.

Abu na ƙarshe, yaranmu a nan suna da wata mummunar ɗabi'a: in suna so su gane ko babur na caji sai su cire kan batir injin na aiki. Na hana a shagona. Batir shi ke shanye tsallen wuta, in ka cire shi duk tsallen a kan rektifaya yake sauka. In motarka tana da jan makullin nan na katse batir irin na motocin tsere, kada ka kuskura ka kashe injin da shi.

Ɗan Tudun Wada

Yaya, ni dai shawarata ka bi maganar Maman Hanif, ka sayar ka nemi Corolla. Amma da gaske, a babur abin nan a waje yake iska na kaɗa shi. Kai an kulle shi a ɗaki ɗaya da salansa. Ko ni aka ajiye a nan sai na yi ƙauri. Ka ciro fankar tsohuwar kwamfuta mai bolt 12 ka ɗora mata, wani abokina haka ya yi wa babur ɗinsa.

Maman Ilham, Zariya

Baban Hanif, sannu da fama. Abin da Oga ya ce ka fara da shi. Ni zan ɗan yi bayanin dalilin zafin, don lantarki na karanta, kuma maganar abokin aikinka rabinta gaskiya ce rabinta ba haka ba.

Janaretan mota da na babur ba ɗaya ba ne. A mota maganaɗisun na lantarki ne, in batir ya cika sai a rage masa wuta, janaretan ya sassauta. A injinka maganaɗisu na dindindin ne manne a jikin ƙarfen da ke juyawa, ba mai iya rage masa ƙarfi. Muddin injin na juyawa koyil na tura wuta. Rektifaya aiki biyu take yi: dayod shida, masu barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, suna mai da AC ta layi uku zuwa DC, sannan in bolt ya kai wajen 14 da rabi sai wasu makullai da ake kira SCR su haɗe wayoyin koyil da juna, wutar ta riƙa zagaye a can ba ta isa batir ba.

Mutane suna ɗauka duk rarar wutar ce take ƙonewa a cikin rektifaya. Da haka ne da ta zama rishon girki. Zafinta yana zuwa ne daga bolt 1 zuwa 2 da ke faɗuwa a kan dayod da SCR, a ninka da amfiyar da ke ratsa su. In amfiya 25 ce, kana maganar wat 40 ko 50 a cikin abin da bai fi tafin hannu ba. Ka tuna tsohon ƙwan fitila mai wat 40, ko shi ba ka iya riƙe shi. Kuma wannan amfiyar tana ratsa ta ko fitilu na ci ko ba sa ci, hanyar da take bi a ciki ce kawai ke canjawa. Don haka LED ya ƙara mata lokacin haɗe wayoyi, ya ɗan ƙara zafi, amma ba shi ya kashe ta farko ba, tunda lokacin ma ba ka sa shi ba. Bar fitilunka.

Akwai kuma bambancin tuƙi. Irin motocin nan giyarsu gajera ce, a babbar hanya injin yana zama a zagaye 6,000 ko fiye na tsawon lokaci, koyil na bayar da iyakar ƙarfinsa, ga ba iska.

Soket ɗin da ya narke lissafinsa mai sauƙi ne. Zafi shi ne amfiya sau amfiya sau om. In tsatsa ko sakin baki ya sa mahaɗa ta kai om 0.05 kacal, amfiya 20 na wucewa, wat 20 ke nan a kan ɗan ƙarfen da bai kai farce ba. Mitarka ba za ta iya nuna maka om 0.05 da kyau ba, shi ya sa ake auna faɗuwar bolt maimakon haka. Injin na aiki a 4,000, fitilu da fanka a kunne, mita a DC: baki ɗaya a jar wayar rektifaya, ɗayan a kan fositib na batir. Sai kuma baki ɗaya a koriyar wayarta, ɗayan a kan nagetib na batir. Kowanne kada ya wuce 0.2. Da batir ɗinka a bayan kujeru, ina zargin za ka ga abin mamaki. In hanyar ta yi tsauri, rektifaya tana ganin 14.4 a bakinta ta ɗauka batir ya ƙoshi, ta koma haɗe wayoyi, alhali shi yana can da yunwa.

In ka gama gyaran waya kana son canji, akwai zaɓi biyu, duka na kamfanin Shindengen na Japan da ke yi wa yawancin masu ƙera babura. Na farko FH020AA ce, tana amfani da wani irin makulli da ake kira MOSFET a madadin SCR. Ita ma haɗe wayoyin take yi, amma faɗuwar bolt a cikinta kaɗan ce ƙwarai, don haka ɗumi kawai take yi. Yamaha na sa ta a wasu manyan baburanta. Na biyu su ne masu katse layin koyil gaba ɗaya in batir ya cika, irin SH775 da ke zuwa a motocin daji na Polaris, da SH847 ta Suzuki V-Strom 1000 daga 2014. Waɗannan koyil ne ke hutawa da su. Masu injin da ke zagaye sosai irin naka sun fi karkata ga SH847 a cikin biyun. Tunda naka ciwon a rektifaya yake, in koyil ya fita lafiya a gwajin Oga, MOSFET ta ishe ka. Ka yi hattara da jabu, sun cika intanet, gidan iri ɗaya amma cikin tsohon yayi ne. Gara tsohuwa ta asali daga masu kwance babura da sabuwa mai arhar banza.

Baban Hanif, Manchesta

Allah ya saka da alheri, Oga da Hajiya. Ɗan Tudun Wada, na karanta wa Maman Hanif taka, ta ce a gaishe ka.

Yau bayan la'asar na yi gwajin, Hanif ne ya riƙe min totur. Om: 0.3 duka ukun bayan na cire na wayar mita. Da jikin injin, shiru. AC a 5,000: 58, 59, 58, da zafi ma kusan haka. Koyil ya kuɓuta.

Faɗuwar bolt kuwa, Hajiya kamar kina nan. Gefen ja 0.6, gefen kore 0.4. Bolt ɗaya cur yana ɓacewa a hanya.

Na bi koriyar waya, na tarar an ɗaure ta da noti a jikin shasi. Da na kwance sai ga baƙin fenti mai kauri yana ƙyalli a ƙarƙashin zoben, ko ƙwarzane babu. Ashe duk shekarun nan ta zaren notin kawai wutar ke wucewa, shi ma ya yi tsatsa. Jar wayar kuma ba batir ta nufa kai tsaye ba, ta shiga tsohon damin wayoyin babur, ta fito ta bi ta jan makullin da Oga ya ambata. Kuma in faɗi gaskiya, na sha kashe injin da makullin nan don ina jin daɗin yadda yake yin ƙas. Na tuba.

Babban abin yana ƙarƙashin salatif, wajen taƙi ɗaya daga murfin koyil. Na warware sai ga mahaɗa uku irin masu kan harsashi, an ƙara tsawo da waya siririya wadda ba ta kai kaurin ta asali ba. Ɗaya ta yi kore shar da tsatsar tagulla, robar jikinta ta bushe, ina lanƙwasawa ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa. Ni ina ta fama da farin soket, ashe ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba.

Tambaya: sabon haɗin, in yi shi da dalma ko in matse?

Oga Rewaya, Kano

Alhamdu lillahi, ka kama ɓarawon. Ni dalma nake yi. Ka murɗe tagullar da kyau, ka zafafa wayar ita kanta har ta sha dalmar, ba ka ɗiga mata a sama ba, sannan ka rufe kowace da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Kada haɗin ukun su zauna a jere wuri ɗaya, ka saɓa su. Na yi wa babura da yawa haka ba wanda ya dawo.

Maman Ilham, Zariya

Oga, ranka ya daɗe, a nan zan ɗan saɓa maka. Dalma tana bin cikin silin waya ta sandarar da ita, a daidai inda ta tsaya nan waya ke karyewa in jijjiga ta yi yawa. A irin motar nan sau da yawa injin a ɗaure yake da shasi ba roba a tsakani. Matsewa da filayar da aka yi don aikin ta fi jure wannan. Amma in filayar kasuwa ce ta gama-gari zai yi amfani da ita, to gara dalmarka sau goma, sai dai ya ɗaure wayar gaba da bayan haɗin kada ta riƙa rawa.

Oga Rewaya, Kano

Hajiya, na karɓa. Mu nan filayar kirki sai an sha nema, shi ya sa muka riƙe dalma. Shi da ke Ingila ya saya.

Baban Hanif, Manchesta

Na dawo da rahoto bayan mako uku.

Filayar na saya, fam 24, ta fi ƙarfin abin da na yi niyya amma ba komai. Wayoyi ukun na canja su daga kusa da murfin koyil da waya mai kaurin milimita 4, haɗi ɗaya tak a kowace. Na samo FH020AA tsohuwa a wurin masu kwance babura, na sayi soket ɗinta guda biyu masu hana ruwa, baƙi da ruwan toka. Daga ita na ja ja da baƙa masu milimita 6 kai tsaye zuwa kan batir, da fis mai amfiya 30 dab da batir ɗin. Ban ƙara dogara da shasi ba, ko da yake na kankare fentin wancan wurin har ƙarfe ya fito, don sauran kayan wuta suna amfani da shi. Makullin katse batir yanzu sai injin ya tsaya cak nake taɓa shi.

Wurin zama shi ya fi cin lokaci. Na mai da ita ɗaya gefen, na direba, nesa da bututun hayaƙi, ƙasa-ƙasa inda iska ke shigowa ta wajen ƙafar gaba. Na yanko alminiyam mai kaurin milimita 4, faɗinsa ya ninka nata biyu, na shafa man nan fari da ake sa wa kwamfuta a tsakaninsu, haƙarƙarinta na bin tsawon mota don iska ta ratsa. Sau biyu ina huda rami a inda bai dace ba, na farko sandar sitiyari ta hana soket shiga. Ɗan Tudun Wada, fankarka tana nan a cikin kwali, ban kai ga buƙatarta ba.

Ranar Asabar na koma Snake Pass, har tafkin Ladybower na dawo. Mita ta tsaya a 14.3 tun daga gida, ba ta gusa ba. A wurin da na taɓa tsayawa da kumburarren batir na sake tsayawa na auna: digiri 47. Na ɗora tafin hannu a kanta na bar shi. Wayoyin ukun ma ɗumi kawai. Faɗuwar bolt yanzu 0.1 a kowane gefe.

Ta ukun ban yar da ita ba, tana but a cikin tsumma tare da guntun wayar da zai haɗa ta da sabon soket, ko da wata rana.

Saura abu ɗaya. A cunkoso, injin na silo wajen 1,200, in fitilu da fankar lagireto suka haɗu mita tana sauka 13.1, da na ɗan taɓa totur sai ta koma 14.3. Oga, wannan halin koyil ne a silo, ko in ɗan ɗaga silon zuwa 1,300?